Tsaunin Kwali a Falon Nasani

An yi wani mutum mai shagon buga takardu, irin shagon da ake kai hoto a faɗaɗa, a buga katin gayyata, a kwafi takardun makaranta. Yana da sunansa na gaskiya, amma ba mai kiransa da shi, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Ka ji an ce..." sai ya ce, "Na sani." Wata rana yana ƙarami aka ce masa, "Kai, wandonka ya..." ya ce, "Na sani," ya wuce, ya zagaye makaranta kaf da yagaggen wando. Tun daga ranar aka laƙaba masa Nasani, sunan ya bi shi har gidan aure.

Duk ƙarshen mako Nasani yakan tara abokansa biyu, Tela da Direba, su yi wasan labari a falonsa. Ana zagaye tebur ne, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari ya zama shi, wannan mafarauci, wancan falke, a riƙa jefa ɗan lido a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Mai jan labarin kuwa, wanda yake faɗin inda aka shiga da abin da aka tarar, Nasani ne. Kullum shi ne.

Ran nan Tela ya zo da sabon wasa da ya sayo a kwali. Da aka buɗe, sai ga mutanen tsauni a ciki, an zana su da ƙashi a hanci, ba su da magana sai ihu, ba su da sana'a sai tare matafiya. Mutanen tsauni kuwa su ne 'yan asalin ƙasar, suna nan tun kafin a kafa garin. Yau da yawansu suna cikin gari, wasu malamai, wasu 'yan kasuwa. Matar Nasani ma, wadda take aikin jinya a asibiti, ɗiyarsu ce.

Nasani ya buga tebur har ɗan lido ya yi tsalle ya faɗa kofin shayin Direba.

"Wannan cin mutunci ne! Surukaina ke nan aka sa wa ƙashi a hanci! Ni zan ƙera wasan da zai wanke mutanen nan tas. Wasan da in dattijon tsauni ya gani sai ya yi hawaye."

"Za ka iya kuwa?" in ji Tela.

"Ni? Ni da nake kwana da al'adar nan a ɗaki ɗaya?"

Dama laburaren unguwa yana shirya baje kolin wasanni, kuma dokarsu ita ce duk wasan da ya shafi mutanen tsauni sai ƙungiyarsu ta zo ta gani da ido ta amince. Shugabar ƙungiyar kuwa Gwaggon matarsa ce, tsohuwar lauya, wadda in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifin da ba ka yi ba.

Kafin ya san sunan mutum ɗaya da zai sa a wasan, Nasani ya fara da tsauni. Ya kwaso kwalayen shago, ya liƙa, ya ɗora, ya shafa fenti, har tsaunin ya cinye rabin falo ya rufe talabijin. Matarsa ta dawo daga aiki ta nemi wurin ajiye jaka ta rasa.

"Yallaɓai, mene ne wannan?"

"Ƙasarku ce."

"To ƙasarmu ta tare min hanyar kicin. Tunda dai mu za ka yi, ga ni nan a gida. Ka tambaye ni mana."

"Na sani. Amma ke kin zama 'yar gari."

"To ka tambayi Mama."

Nasani ya yi mata murmushin tausayi. "Kin ji matsalar wanda bai san bincike ba. Da ka tambayi mutum, sai ya gyara zama ya faɗa maka abin da yake so ka ji. Masani ba ya tambaya, Gimbiya. Lura yake yi."

Ta dube shi, ta dubi tsauni. "Ka ji ni da kyau. In Gwaggo ta amince da wasanka, tsaunin nan ya zauna, ni zan riƙa share masa ƙura. In kuwa ka kunyata ni a gabanta, kai da kanka za ka ɗauke shi a ka, ka kai shi bola, rana tsaka, maƙwabta suna kallo."

"Ki fara neman tsumman share ƙura," in ji Nasani.

Washegari ya shirya ziyarar ba-zata gidan surukarsa. Mama ta yi murna, don rabon da ya zo ya zauna har an manta. Ya samu lungu kusa da labule ya maƙale, ido a waje, waya a bakinsa, yana raɗa wa wayar duk abin da ya gani tana naɗa.

Abu na farko, ya lura duk wanda ya buɗe firij ya rufe, sai ya juya ya buga masa ƙugu sau biyu, dum, dum, sannan ya tafi. Mama ta yi, 'yar aiki ta yi, har baƙuwar da ta shigo shan ruwa ta yi.

"Gaisuwar dutse," ya raɗa wa waya. "A da can dutse suke buga wa ƙugu. Da suka sauko gari suka rasa dutse, sai firij ya maye gurbinsa. Kai, al'ada ba ta mutuwa!"

Abu na biyu, akwai wata koriyar kujera a kusurwar falo, an jingine ta da bango, an yafa mata mayafi. Baƙi suka cika falo har wasu suka zauna a ƙasa, amma da wani ya nufe ta sai kowa ya yi ca: "Kai, kai, kai! Ban da wannan!"

Tsigar jikin Nasani ta tashi. "Kujerar kakanni. Ba mai rai da yake zama a kanta."

Abu na uku, duk mai gaida Mama sai ya zagaya ta hagunta, ya kai baki dab da kunne, ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda yake hayin kogi. Shekara uku Nasani yana gaishe ta ta dama tana amsa masa da "Eh, an yi ruwa," bai taɓa tambayar dalili ba. Yau dai ya gano. "Babba ta hagu ake gaishe shi, da ƙarfi. Girman murya, girman ladabi."

Na huɗun shi ne ya fi ratsa shi. Ana cikin hira, sai wayar Mama ta saki wani dogon kuka, tuuuuu, kamar busar ƙaho daga nesa. Nan take falo ya yi tsit. Aka kashe rediyo. Kowa ya sunkuyar da kai ƙasa da taga, har Mama da ciwon bayanta. Ba wanda ya yi ko tari har kukan ya ƙare, aka daɗe kaɗan, sannan aka ɗago ana ajiyar zuciya.

Nasani ya share ƙwalla. "Shirun kakanni," ya raɗa.

"Yaya Nasani, da wa kake soyayya a bayan labule?"

Auta ce, ƙanwar matarsa, yarinyar da in ta ji muryarka sau ɗaya, gobe za ta yi maka ita har da tarinka. Ta daɗe a tsaye tana saurare.

Ya kumbura ƙirji. "Ke yarinya ce. Kina cikin dukiya ba ki san dukiya ba ce. Kin san ma'anar bugun firij ɗin nan?"

"Ai ƙofar ce ba ta..."

"Na sani. Ƙofa ce tsakaninku da kakanni. Kujerar nan fa?"

Auta ta buɗe baki, ta dube shi daga sama har ƙasa, sai wani haske ya shigo idonta. Ta rufe bakin. Ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta sauke murya ta koma irin ta masu karanta labarin rasuwa.

"Yaya, abin da ka gani, ka gani."

"Ashe na canka!"

"Kai ka faɗa."

Kafin ya tafi sai ya yi ƙarfin hali. Ya zagaya ta hagun Mama ya kwatsa mata roƙon a ba shi aron koriyar kujera. Fuskar tsohuwa ta washe.

"Aro? Ɗauke ta gaba ɗaya, ɗana! Allah ya yi maka albarka!"

"Shekara da shekaru muna jiran wanda zai ɗauke ta," in ji Auta, idonta a ƙasa.

Nasani ya rungumi kujera kamar jariri. Shekara da shekaru ana jira, kuma shi aka zaɓa. Bai kai ta gida ba, shago ya wuce da ita ya ɓoye, don yana so matarsa ta ga komai ranar baje koli ta sha mamaki.

Saura dutse. Direba yana da mataccen firij a baranda, Nasani ya karɓo, suka sauko da shi tsakar gidan hayar da suke zaune a ciki, ya shafe shi da fenti ruwan toka. Sannan ya tsaya yana gwada bugu. Ya juya, dum, dum. Bai yi masa ba. Ya sake, dum, dum.

Maman 'Yan Biyu ta leƙo daga bene tana shanya. "Maƙwabci, lafiya? Rawa kake koya wa firij?"

"Ilimi ne, Hajiya. Ba kowa zai gane ba."

"Ai kuwa ban gane ba. Amma ka sassauta, ƙugun nan naka ba na aro ba ne."

Mai gyaran rediyo na bakin ƙofa ya ce shi a saninsa ba haka ake tayar da firij ba, amma in ya tashi a faɗa masa, yana da guda biyu a gida.

Ana gobe baje koli aka yi gwaji. Nasani ya raba wa abokansa katuna. Tela ya karanta nasa: "Dattijo mai hikima." Direba ya karanta nasa: "Dattijo mai zurfin hikima."

"Babu saurayi?" in ji Direba.

"Akwai. Saurayi mai hikimar dattawa."

Aka fara. Nasani ya sauke murya, yana jan kowace kalma kamar ana fizgo ta daga rijiya. "Kuna zaune... a gindin dutse... Iska tana kaɗawa... Me za ku yi?"

"Zan saci akuyar wancan," in ji Tela.

"Haba! Mutumin tsauni ba ya sata."

"To zan yi masa ƙarya in ce akuyar tawa ce."

"Ba ya ƙarya."

"Zan yi barci."

"Ba ya barci da rana. Tunani yake yi."

Direba ya jefa ɗan lido, biyu ta fito. Nasani ya duba dokokinsa. "Ka yi shiru cikin hikima." Direba ya sake jefawa, biyar. "Ka kalli nesa cikin hikima."

"In shida ta fito fa?"

"Sai ka yi murmushi. Kaɗan."

Tela ya ajiye katinsa. "Nasani, wancan wasan da ka zaga, mutanen ba sa magana sai ihu. Naka ko ihun ba su samu ba."

"Hassada," in ji Nasani, ya tattara kayansa.

Ranar baje koli zauren laburare ya cika. Da motar Direba aka kawo tsauni, aka karkata shi ya shiga ƙofa da ƙyar. Nasani ya kafa shi a kan babban tebur mai dogon mayafi, firij a dama, koriyar kujera a hagu an kewaye ta da igiya. Maƙwabta sun zo, har Maman 'Yan Biyu da 'yan biyunta. Matarsa ta iso daga asibiti da kayan aiki a jikinta. Tana ganin koriyar kujera ta tsaya cak.

"Yallaɓai, kujerar Mama ce waccan?"

"Na san za ki girgiza."

"Ka san ƙafarta..."

"Na sani, Gimbiya, na sani. Zauna ki sha kallo."

Sai ga 'yan ƙungiya sun shigo. Gwaggo a gaba da jaka a hannu, Mama a bayanta, Auta tana riƙe da ita. Na ƙarshe shi ne Kawu, ƙanen Mama, mutumin da ya san tarihin tsauni tun daga kakan kaka, sai dai in ya fara ba ka labari da safe, abincin rana zai huce a gabanka bai kai ga haihuwar jarumin ba.

Nasani ya gyara wuyan riga. Ya taka a hankali, ya zagaya ta hagun Gwaggo, ya cika huhu, ya kai baki dab da kunnenta.

"SANNU DA ZUWA, GWAGGO!"

Tabarau ya yi tsalle daga hancinta. Kafin ta san wane ne, jakarta ta riga ta sauka a kansa, fau!

"Kai! Kurma aka ce maka ni ce?"

"Me ta ce?" in ji Mama daga baya.

Nasani ya shafa kai, ya juya ga jama'a yana murmushi. "Kun gani? Babba yakan amsa da taɓa kan yaro. Wannan ma al'ada ce."

Aka tsinto tabarau. Gwaggo ta mayar, ta dube shi ta samansa. "To surukina, nuna mana."

"Da farko, Gwaggo, sai kin gaida dutse."

"Wane dutse? Firij nake gani."

"Bari in tuna miki, na san zaman gari yana sa mantuwa." Ya juya, ya karkace, dum, dum. Sannan ya miƙa mata hannu. "Bismillah."

 Gwaggo, mace mai shekaru, wadda alƙalai suke gyara zama in ta miƙe, ta dubi firij, ta dubi ƙugunta, ta dubi matar Nasani. Matar Nasani tana neman inda ƙasa za ta tsage.

Mama ce ta matso tana tausaya masa. "Ayya, ɗana, ashe naku ma ƙofar ba ta rufuwa? Robar ce ta saki. Ka ƙara buga shi ta ƙasa-ƙasa."

Dariya ta fara daga bayan zaure. Nasani ya ɗaga hannu. "Dattawa sukan ɓoye ma'ana a gaban baƙi. Mu shiga wasa."

Gwaggo ta ce ita da kanta za ta buga. Ta zauna, Mama ta zauna, Kawu ya tsaya a kansu don kujeru sun ƙare. Gwaggo ta karanta katinta a fili. "Dattijuwa mai hikima, ba ta fushi, ba ta ɗaga murya." Ta ɗago. "Wace ce wannan?"

"Ke ce, Gwaggo. Kowace macen tsauni."

"Ni? Ka tambayi jakar nan. To, ina so in je in yi rigima da maƙwabciyata a kan iyakar gona."

"Ba a rigima a tsauni."

"Ba a me? Kakata ta yi gaba da ƙanwarta har suka tsufa a kan tukunya ɗaya, tukunyar ma fasasshiya! Ina maƙaryacin garin? Ina malalaci? Ina mai waƙar da muryarsa ba ta da daɗi amma ba ya bari? Ban ga kowa nawa a nan ba."

"Ai girmamawa ce, Gwaggo."

"Gumaka ka jera, surukina. Wancan wasan na kasuwa ya sa mana ƙashi a hanci, kai ka sa mana tsumma a baki."

Gumi ya fara tsatstsafo wa Nasani. Amma yana da babban makami a aljihu. Ya fito da wayar da ya naɗi kukan nan a cikinta, ya haɗa ta da lasifikar laburare.

"Jama'a, yanzu za ku ga abin da ba a taɓa nuna wa bare ba. In ƙahon kakanni ya yi kuka, duk gidan mutumin tsauni yakan yi tsit. A kashe rediyo. A sunkuyar da kai ƙasa da taga, ba motsi, har kakanni su wuce. Da idona na gani a gidan surukata."

Auta ta daina murmushi. "Yaya Nasani, wannan dai ka bar..."

"Na sani, sirri ne. Amma duniya tana bukatarsa."

Ya danna. Tuuuuu!

Kawu ya karkata kai. "Wannan ai kukan jirgin ƙasa ne."

"Ƙaho ne, Kawu."

"Jirgi ne. Kuma na san kukan nan. Duk sanda na tsaya a ƙofar gidan Yaya na buga mata waya, shi nake jiyowa daga ciki. In leƙa ta taga, ba kowa. Washegari a ce min an fita ne an manta wayar a gida." Ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba. "Ƙasa da taga ka ce?"

"Ƙasa da taga," in ji Nasani da alfahari. "Har Mama."

Kawu ya laluba aljihu a hankali, ya fito da wayarsa, ya danna. Daga cikin jakar Mama jirgi ya amsa, tuuuuu! Kuma jiki da sabo, kafin kowa ya yi tunani, Mama da Auta da matar Nasani suka sunkuya lokaci ɗaya. Har Gwaggo sai da kafaɗarta ta yi ƙasa.

"Kun gani! Kun gani!" Nasani yana tsalle. "Ga shi nan a fili!"

"Jirgin ƙasa," in ji Kawu, murya a karye. "Ni aka sa wa jirgin ƙasa. Wa ya zaɓa?"

Duk idanu suka koma kan Auta. Ta ce, "Kawu, ai don... don jirgi yana da daraja ne."

"Don ba ya ƙarewa ne! Na gane!" Ya dafe ƙirji. "Wayyo, ƙafafuna. Ku ba ni wurin zama."

Ya ja da baya, ya tsallake igiya, ya nufi kujera ɗaya tilo da ba kowa a kai. Dangi gaba ɗaya suka yi ca: "Kai, kai, kai! Ban da wannan!" Nasani ma ya yi ihu, "Ta kakanni ce!"

Kawu ya zauna.

Ƙafar kujera ta ce ƙaras. Kawu ya tafi ƙasa, ya cafko mayafin tebur don ya tsira. Mayafi ya taho da katuna, da kofuna, da dattawa masu hikima gaba ɗayansu. Tebur ya daki firij, ƙofar firij ta wangale ta daki gindin tsauni. Tsauni ya yi tangaɗi hagu, ya yi dama, kamar yana neman mai shi, sannan ya kifo a kan Nasani ya haɗiye shi har gwiwa.

'Yan biyu suka fara tafi. Mamansu ta ce, "Yanzu kam na gane ilimin."

Aka ɗaga Kawu, ba abin da ya same shi sai fushi. Daga cikin tsauni wata murya ta fito a toshe: "Duk yana cikin tsari!" Tela da Direba suka ja kwali sama, Nasani ya fito da fenti a gira. Idonsa ya faɗa kan Auta.

"Ke! Ke kika tabbatar min!"

Auta ta kumbura ƙirji, ta ɗaga haɓa, ta yi murmushin tausayi, sai ga muryar Nasani sak tana fita daga bakinta: "Masani ba ya tambaya, Gimbiya. Lura yake yi." Ta koma muryarta. "Ni me na ce maka, Yaya? Cewa na yi kai ka faɗa. Kuma kai ka faɗa."

Zauren ya kece. Ma'aikaciyar laburare, wadda aikinta hana surutu, ta kifa kai a kan teburinta tana bubbuga shi.

Gwaggo ta jira aka lafa. Ta tsinci ɗan lido daga ƙasa, ta juya shi a tafin hannu.

"Ƙungiya ba ta amince ba," ta ce. "Wannan ba wasan mutanen tsauni ba ne, wasan kayan gidan surukarka ne da suka lalace. Amma na ga niyyarka, ga ta nan har a girarka. In kana so ka sake, ƙa'ida ɗaya ce. Za ka zauna da wanda ya sani, ka rufe baki, ka ji labarin daga farko har ƙarshe." Ta juya. "Ga kuma mutumin da muka ɓata wa rai, yana neman kunne."

Fushin Kawu ya narke nan take. Ya dubi Nasani kamar mai yunwa ya ga an buɗe tukunya.

"Daga farko?" in ji Kawu.

"Daga farko," in ji Gwaggo. Mama ta tambayi abin da aka ce, Auta ta kwatsa mata ta hagu, tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana godiya.

Matar Nasani ta dubi mijinta. Yatsa kawai ta nuna, daga tsauni zuwa ƙofa.

Haka aka ga Nasani a kan titi, rana tsaka, da murƙushasshen tsauni a ka, ya nufi bola. Maƙwabta sun jeru a baya kamar masu rakiya. Kawu yana gefensa, ya riƙe masa gefen riga don kar ya yi sauri, yana bayanin wata akuya da kakan kakansa ya ara bai mayar ba, wadda ita ce asalin rabuwar gidaje biyu.

Mai gyaran rediyo, wanda bai je laburare ba, ya ɗago daga aikinsa. "Maƙwabci, yaya aka ƙare?"

Nasani ya gyara kwali a kansa, ya ɗaga haɓa iyakar yadda nauyi ya bari.

"Nasara. Ƙungiya ta ga zurfin aikina, har ta naɗa min malami na musamman. Ni kaɗai a garin nan."

Kawu ya ja rigarsa. "Ɗana, surutun nan ya katse ni. A ina na tsaya?"

"A kan baƙar akuya, Kawu."

"Baƙa? Ja ce! Baƙar ai uwarta ce. Ka ga, ka riga ka ruɗe." Ya girgiza kai cike da jin daɗi. "Ba komai, bolar da sauran tafiya. Mu koma farko."